Waƙar da Ke Yaye Baƙin Ciki Ita Ce Wadda Ake Amsawa

A daminar shekarar da aka sallame ni daga aiki, na shiga motar haya daga Kano zuwa Funtuwa da zuciyar da ba ta son jin muryar kowa. Muna wuce Gwarzo direba ya kunna wata tsohuwar waƙar Ɗan Maraya Jos, kuma da farko haushi na ji, domin ina ganin halin da nake ciki ya fi ƙarfin kiɗan kuntigi. Wani dattijo da ke gefena, wanda ya rungume buhun iri a cinyarsa, ya fara kaɗa kai yana bin baitukan a hankali, wata mata a kujerar baya ta kama masa, direba kuma yana buga sitiyari da yatsa. Kafin mu isa Malumfashi na tsinci bakina yana motsi tare da nasu. Aikin bai dawo ba, bashin da ke kaina bai ragu da ko sisi ba, amma na sauka a tasha ina iya gaisawa da mutane.

Tun daga ranar nake da ja a kan shawarar da ake yawan bai wa mai damuwa, cewa ya nemi kiɗa mai zafi ya saurara don ya manta. Wanda ransa ya ɓaci sosai, idan aka tare shi da kiɗan rawa, yakan ji kamar an shigo masa gidan makoki da guɗa. Abin da ya fi kama zuciyarsa shi ne waƙar da ta fara yarda cewa akwai wahala, ta kira ta da sunanta, sannan ta ja shi sannu a hankali zuwa murmushi.

Wannan shi ne sirrin Ɗan Maraya, wanda ya rasu a shekarar 2015. Sunansa ma labarinsa ne, domin ya rasa iyayensa tun yana jariri, Sarkin Hausawan Bukuru ne ya rene shi. Kayan kiɗansa kuwa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fatar akuya aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya tak. Mutumin da ya fito daga irin wannan rayuwa, ya ɗauki irin wannan kayan kiɗa ya yi wa karen mota waƙa, talaka ba ya jin ana yi masa wa'azi daga sama. Yana jin ɗan'uwansa ne ke ba shi labarin abin da shi ma ya sani, da ɗan barkwancin da ke sa nauyin ya yi sauƙin ɗauka. Ɗan Maraya shi kaɗai yake waƙa, ba shi da 'yan amshi irin na Mamman Shata, shi ya sa a cikin waccan mota mu fasinjoji muka zama 'yan amshinsa.

Iyayenmu mata sun riga kowa gane wannan hikima. Matar da ke durƙushe a kan dutsen niƙa da asuba tana rera waƙa, sau da yawa kukanta take kaiwa: habaici ga kishiya, ƙorafi a kan uwar miji, kewar gidan iyaye da ke nesa. Maganar da ba ta isa ta faɗa da baki a tsakar gida ba, waƙa ta ba ta lasisin faɗarta, kuma maƙwabciyar da ke jiyo ta ta bayan danga ta san inda aka dosa. In aka zo daka, mata biyu ko uku su kewaye turmi suna lugude, taɓarya na sauka bi da bi, ana jefa ta sama a tafa kafin a cafe, har gajiya ta koma wasa. Daga wannan tushe kiɗan ƙwarya da amada suka samu ƙarfinsu, inda irin su Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, suka riƙa tara matan aure a biki suna faɗa musu cikin raha su kama sana'a su daina zaman jiran miji. Injin niƙa ya sauƙaƙa wa mata wahala ƙwarai, ba mai musun haka, sai dai ya tafi da waƙoƙin da ke tare da wahalar.

Binciken zamani bai saɓa wa wannan ba. A shekarar 2011 masana a Jami'ar McGill da ke Kanada sun nuna cewa ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin dofamin, mai alaƙa da jin daɗi, a lokacin da mutum ke sauraren kiɗan da yake so, kuma sakin yana farawa tun yana jiran zuwan wurin da ya fi burge shi a waƙar. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa tsohuwar waƙar da ka haddace ta fi sabuwa tasiri a ranar ƙunci, tunda ka san inda amshi zai faɗo kuma kana ɗokin isowarsa. Masu amfani da kiɗa wajen jinyar masu taɓin hankali ma suna da wata tsohuwar ƙa'ida, wato a fara da sautin da ya dace da halin da majinyaci ke ciki, sannan a riƙa sauya shi kaɗan-kaɗan zuwa inda ake son kai shi.

Na san akwai masu karatu da yawa da ba sa sauraren kayan kiɗa saboda dalilin addini, kuma malamai sun daɗe da saɓani a kan mas'alar, ba ni ne zan raba gardamar ba. Amma su ma ba a bar su hannu sake ba. Rubutacciyar waƙar Hausa da ake rerawa da murya zalla ta daɗe tana wannan aiki, kuma fitacciyar waƙar Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, sunanta Imfiraji, kalmar da asalinta na Larabci ke nufin yayewar ƙunci. Haka nan duk wanda ya taɓa zama cikin masu karatun Ishiriniya da daddare a watan Maulidi ya ga yadda jama'a ke tashi da fuska a sake.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke sauraren waƙa a yau. Matashin da budurwa ta juya wa baya yakan shige ɗaki ya rufe ƙofa, ya toshe kunnuwansa da iyafis, ya kunna waƙar rabuwar masoya. Da ta ƙare, manhajar YouTube ko TikTok ta lura da abin da ya tsaya a kai, ta miƙo masa wata irinta, daga nan wata, har dare ya raba. Ban ɗora laifin a kan mawaƙan zamani ba, domin cikinsu akwai masu fasaha ta gaske, kuma waƙar soyayya mai sosa rai ba yau aka fara ta ba. Bambancin shi ne matar da ke niƙa tana fitar da abin da ke cinta ga kuma mai jin ta, shi kuwa wannan yaro cusa wa kansa yake yi, babu wanda zai amsa masa, babu kuma wanda zai sauya masa kiɗan idan ya ga yana nutsewa.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakar abin. Ɓacin ran kwana biyu daban, ciwon damuwa daban. Mutumin da ya shafe mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, barci da cin abinci sun rikice masa, ko ya fara tunanin cutar da kansa, likita yake buƙata, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri. Uban da ya ga ɗansa ya kwana uku a ɗaki da waya a kunne, maimakon ya ƙwace wayar da faɗa, zai fi samun bakin zaren idan ya zauna kusa da shi ya ce a cire iyafis ɗin su ji waƙar tare.