Kafin ka tura "an gano rai a wata duniya"

'Yan uwana matasa dan Allah mu rage gaggawa. Tun Afrilun 2025 ake ta yawo da fostin ɗin nan a gurup-gurup wai an gano halittu a wata duniya mai suna K2-18 b, har da hoton wani shuɗin teku da aka haɗa a kwamfuta, kuma mu da muka je makaranta mu ne kan gaba wajen turawa ko buɗewa ba mu yi ba, wallahi abin yana damuna.

K2-18 b ɗin nan tana zagaye wani tauraro ne mai nisan tafiyar haske ta shekara 124, faɗinta ya ninka na duniyarmu sau biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarta fa. Sai ta gifta ta gaban tauraronta, ɗan haske ya ratsa iskar da ta lulluɓe ta, na'urar hangen nesa ta James Webb da ke sararin samaniya ta tsinci hasken a duba wane launi ne ya ragu, da haka ake gane irin iskar. A 2023 tawagar Nikku Madhusudhan na jami'ar Cambridge ta ga iskar mitan da kabon dayoksaid, a 2025 suka ce akwai alamar wata iska mai suna DMS, wadda a nan duniyarmu ƙananan halittun teku ne suka fi fitar da ita. Alama suka ce, ba su ce sun ga rai ba! Wasu masana kuma suka sake bin bayanan suka ce shaidar ba ta yi ƙwari ba.

In labari irin wannan ya zo maka, buɗe ka karanta har ƙasa, ka nemi me aka auna, wa ya sake aunawa. Ku ɗaliban kimiyya nauyin ya fi hawa kanku, don ku ƙanne ke tambaya a gida.

Ku dubi misalin wata duniyar, GJ 1214 b, an gano ta a 2009, kowane awa 38 take kammala zagayen tauraronta. Na'urar hangen nesa ta Hubble ta zuba mata ido, a 2014 sakamako ya fito ba alamar komai, gajimare ko hazo ya toshe ta ruf. Kamar dai yammacin 29 ga Sha'aban hazo ya rufe gari, mai tsoron Allah ba zai ce ya ga wata ba don kawai yana ɗokin azumi. Haka masanan suka yi, suka ce ba mu gani ba, suka jira har 2023 da Webb ta auna zafinta aka gane hazon nata mai sheƙi ne, yana mayar da kaso mai yawa na hasken tauraron.