Kar mu bar iyalan sojoji da hawaye

Assalamu alaikum yan uwa. Duk shekara kasashe na ware ranar tuna sojojinsu, wasu 11 ga Nuwamba ranar da aka tsagaita wuta a yakin duniya na daya a 1918, Najeriya kuma 15 ga Janairu saboda karshen yakin basasa a 1970. Ayi fareti a ajiye furanni kowa ya watse. To matar da aka bari da yara fa, waye ke leka ta bayan an watse?

Dan Allah ku duba yadda Annabi SAW yayi. Da Ja'afar dan Abu Dalib yayi shahada a Mu'uta shekara ta 8 bayan hijira, da kafarsa ya taka har gidan yace a kawo masa yaran dan uwansa, ya kuma umarci ayi wa iyalan abinci saboda abinda ya same su ya dauke musu hankali. Jabir kuwa mahaifinsa ya kwanta dama a Uhudu ya bar masa bashi ga kanne mata, Annabi ya roki masu bin bashin su sassauta suka ki, sai yazo da kansa wajen dabinon da Jabir zai biya bashin da shi ya zauna ana aunawa har aka biya kowa. Bashi fa jama'a, abinda mu yau ko tambayarsa bama yi idan munje gaisuwa.

Sayyadina Umar ma wata matashiya ta tare shi a kasuwa, mijinta ya rasu ya bar mata kananan yara, tace ita diyar Khufafu ce wanda ya halarci Hudaibiyya. Nan take ya labta wa rakumi kayan abinci ya hada da kudi da tufafi ya mika mata akala, da wani yace ai yayi yawa sai ransa ya baci, yace shi ya ga babanta da dan uwanta sun yi wa wata ganuwa kawanya har aka ci ta, gashi yanzu mu ke cin moriya.

Kuma ba wadanda suka rasu kadai ba. Akwai wanda ya dawo ba kafa, akwai wanda jikinsa lafiya lau amma baya iya bacci, kara kadan ya firgita, sai muce ya zautu muna gudunsa alhali rashin lafiya ce da ake magani a asibiti, wallahi wannan yana min ciwo sosai. Ga tsoho na ta zirga zirga akan fanshonsa har karfinsa ya kare.

Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya kula da iyalan mayaki da alheri a bayansa shima yayi yakin. Ba sai kana da miliyoyi ba, dauki kudin makarantar yaro daya, ko ka biya wa matar haya, in kuma ka iya takardu ka raka ta ofis ta karbo hakkin mijinta. In zaka bayar ta hannun kungiya ka bincika tukunna ka tabbatar yana isa. Amma kar ka dauki hoton marayan nan ka watsa a Facebook, ubansu ba mabaraci bane.

Allah ya jikan wadanda suka riga mu, ya baiwa masu jinya lafiya, ya raya abinda suka bari.