Jitar Auta, da maganar da aka gaya mini a Pigalle

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Pigalle, a Paris, da Yuro 800 a aljihu. Wata bakwai na yi ina tara su. In aka juya su kuɗinmu, jika 525 ne ba kaɗan. Auta ne ya sa ni wannan tafiya. Shekararsa shida yana kaɗa jitar aro a bukukuwan Damagaram, kuma duk daren da aka yi wasa sai mai kaya ya fara cire rabonsa kafin yara su raba abin da ya saura. Tun bara na yi masa alkawarin zai samu tasa, haɗe da amfilifaya, wato ampili kamar yadda muke cewa a gida.

Wanda bai taɓa zuwa unguwar ba, bari in kwatanta masa. Akwai tituna biyu, Douai da Victor Massé, da shagunan jita ke jere ƙofa da ƙofa kamar layin 'yan atamfa a kasuwar Dole. Wanda na shiga, bangonsa daga ƙasa har rufi jita ce a rataye, kowace da 'yar takardar farashi ɗaure a kanta, kuma ba a tayi, ba a ragi. A lungu akwai wata na'ura da ke hura tururi a hankali don kada itacen ya bushe. Can ciki ga ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, ka shiga ka rufe ƙofa ka gwada abin da kake so, na waje ba ya jin komai. Na tarar da wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba yana gwada jitar da kuɗinta ya fi Yuro 3,000, ubansa na zaune yana latsa waya. Yaron ya gama, ya miƙa ta, suka yi godiya suka fita ba su sayi ko tsinke ba, kuma ba wanda ya harare su.

Mai shagon dattijo ne, ya ɗaure furfurarsa a ƙeya. Ya tambaye ni irin kiɗan da za a yi da ita. Na ce ta ƙanena ce, a Nijar, kiɗan biki yake yi, salon Agadez da waƙoƙin Hausa. Nan take fuskarsa ta washe. Ya san Bombino, ya san Mdou Moctar, shahararrun makaɗan jita na Nijar, ya ce ya ga wasansu da idonsa. Ya ba ni labarin yadda Mdou ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, ai mutanenku ko a jikin sanda aka ɗaura waya za su kaɗa, kada ka ɓata kuɗinka, ɗauki mafi araha, ba za su ji bambanci ba.

Na san yabo yake nufi. Amma har na koma gida maganar tana ci mini rai, kuma har yanzu ba ta sake ni ba.

Labarin wayar keke gaskiya ne, Mdou da bakinsa ya sha faɗa. Sai dai ba don sha'awa ya ɗauki wayar birki ba, abin da hannunsa ya iya kaiwa ke nan. Da hali ya samu, Fender Stratocaster ta bahago ya rungume, kuma da ita duniya ta san shi. Mutanen nan suna son labarin talaucinmu fiye da yadda suke sauraron kunnenmu. Wa zai ce ba mu jin bambanci? Auta yana saita tsirkiya shida da kunne kawai, janareta na ruri a bayansa, mata na guɗa a gabansa. A shagon nan kuwa duk wanda na gani sai ya maƙala ɗan agogon saiti a kan jita yana jiran fitila ta yi kore. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, amma ku tambayi kowane makaɗin kuntigi ko gurmi, zai gaya muku ba kowace fata ba ce ke ba da murya. Mutanen da ke zaɓar fata da tsirkiya haka ne za a ce ba su san jita mai kyau ba?

Ban yi masa musu ba. Na ce ya sauko mini da guda uku. Fender Player, wadda ake ƙerawa a Meziko, ita kaɗai za ta cinye kuɗin gaba ɗaya, don haka riƙe ta kawai na yi na mayar. Squier Classic Vibe, wajen Yuro 400, muryarta garau take, siririya mai kaifi, irin wadda ke ratsa hayaniyar taro, kuma ita ce ta fi kusa da sautin da kunnenmu ya saba. Ta ukun Yamaha Pacifica 112V ce, wajen Yuro 300. Ba ta da kwarjinin suna, amma na bi wuyanta da yatsa daga sama har ƙasa ban ji ƙarfe ɗaya ya karce ni ba, na ja tsirkiyoyin da ƙarfi saitin bai goce ba. Abin da ya ƙara ja na gare ta shi ne maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, waɗanda ake ce wa mikoro. Biyu masu nadi ɗaya ne irin na Stratocaster, na ukun da ke kusa da gindin tsirkiya tagwaye ne. Mai nadi ɗaya yana da daɗin murya amma yana kwaso gurnanin lantarki, kuma duk wanda ya taɓa jona kaya a wutar janareta a gidan biki ya san wannan gurnani. Tagwayen an ƙirƙiro shi ne musamman don ya kashe shi. Auta zai samu mafaka ke nan a daren da wuta ta ƙi.

A wajen ampili ne muka fi saɓawa da dattijon, kuma a nan na gane cewa ni da shi ba abu ɗaya muke saye da sayarwa ba. Shawarar da ake ba kowa a nan ita ce ka zuba kuɗi a jita, ka sayi ƙaramin ampili na ɗaki. Dalilinsu a fili yake. Mutum na zaune a bene hawa na huɗu, maƙwabci a sama, maƙwabci a ƙasa, bango kamar takarda, ƙarfe goma na dare ta yi kowa ya yi tsit ko a kira maka 'yan sanda. Da alfahari ya nuna mini wani maɓalli a jikin ampilin Boss Katana da ke sauke ƙarfinsa zuwa rabin wat, don ka yi kiɗa jaririn maƙwabta bai farka ba. Rabin wat! Shi kuwa Auta a tsakiyar titi yake wasa, an tare hanya da benci, ga ganga, ga kalangu wani lokaci, ga mutum ɗari biyu ko fiye, ba bango ba rufi da zai dawo masa da sauti. Jita ta miliyan ma in aka jona ta a ƙaramin akwati, a wannan fili kukan sauro za ta yi.

Ya so ya sayar mini da Fender Blues Junior, mai wat 15, irin wanda ke aiki da ƙwayayen gilashi masu zafi kamar fitila. Na saurara, kuma ba zan ɓoye ba, muryarsa akwai zaƙi da ɗumi. Amma na tuna hanyar Yamai zuwa Damagaram, kusan kilomita 900 a cikin ɗakin kayan bas. Na tuna wutar da ke hawa tana sauka, da zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, na kuma tambayi kaina inda Auta zai samo ƙwan gilashi in ɗaya ya mutu ana gobe biki. Wanda raina ya fi so shi ne Roland JC-120, da ake yi tun 1975, mai sifika biyu, wanda ko an ƙure shi muryarsa ba ta dagulewa. Sai dai ya fi ƙarfin aljihuna, nauyinsa kuma ya kai kilo 28, alhali jaka ɗaya a jirgi kilo 23 ce. Na tsaya a kan Katana mai wat 100 da sifika mai inci 12. Kuɗinsa ya ɗara na jitar, kuma da gangan na yi haka. Canjin da ya rage na zuba shi a tsirkiya kwali goma, wayar jonawa biyu masu kauri, da jaka mai soso. 'Yan'uwa da ke Amurka su kula da abu ɗaya: kayan can na wutar bolt 120 ne, tamu 220 ce, in aka jona kai tsaye hayaƙi za a gani. Na Turai ba su da wannan matsala.

Zan ba su haƙƙinsu. Kafin in fita, wani ma'aikacinsu ya ɗora jitar a teburi, ya auna tsayin kowace tsirkiya, ya ɗan murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuya da ƙaramin makulli, ya ba ni makullin. Ya ce in hunturu ya shigo itacen zai tsuke, bakin ƙarafan wuya za su iya fitowa, a goge su da ƙaramin zarto. Doka kuma ta ba mai saye garantin shekara biyu. Mu a gida in jita ta lalace wajen mai gyaran rediyo ake kai ta, ya yi abin da Allah ya nufa. Wannan gibi ne, na yarda. Amma shekarata tara a ƙasar nan, na shiga gidajen abokan aiki da dama na ga jita uku, huɗu, a jingine a bango sun yi ƙura, masu su sun san sunan kowane ƙarfe da ke jikinsu da shekarar da aka ƙera su, ba su taɓa sa mutum goma rawa ba. Su suna da kaya da masu gyara da ɗakin soso. Mu muke da wurin da ake buƙatar kiɗan, inda in makaɗi bai zo ba amarya za ta yi kuka. In za a ba ni zaɓi sau ɗari, wancan titin mai ƙura zan ɗauka.

Da dare na jona kayan a ɗakina, na sauke maɓallin zuwa rabin wat ɗin nan, na ɗan taɓa abin da na iya tun muna yara. Ban yi minti goma ba na ji ana buga bututun ɗumama ɗaki daga sama. Na kashe. Na zauna ina tuna yadda a unguwarmu kiɗan biki ke tsallako katangu har ƙarfe biyu na dare, kana kwance a tsakar gida kan tabarma kana gane wanda ke riƙe da jita daga yadda yake jan tsirkiya, Inna tana cewa waɗannan yara ba za su bar mutane su yi barci ba, ƙafarta kuwa tana motsi.

Sai na kira Auta ta bidiyo na nuna masa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi." Na ce wani ɗan garinmu zai taho da su ƙarshen wata ta Kasabalanka, zan ce ya kai gida. Ya yi sauri ya ce, "A'a Yaya, kada a kai gida. A kai shagon abokina a ajiye. Ka san Kawu. Ya ce muddin yana raye ba za a shigo da kayan roƙo gidan Malam ba."

Dattijon Pigalle, da duk maganar da ya gaya mini, kuɗi ya biya ya sayi tikiti don ya je ya tsaya ya kalli ɗan Nijar yana kaɗa jita. Kawu kuwa, da aka yi bikin 'yarsa bara, Auta ne ya yi wasa har asuba bai karɓi ko dala ba, kuma ta ƙofar baya ya shigo da jitar aron. Na ce wa Auta to, na ji, ya turo mini lambar abokin nasa. Kwalin ampilin yana nan bakin ƙofata, na riga na rubuta sunan gidanmu a jikinsa da babban alƙalami, sai na nemi wani kwalin.