Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba

Ƙanena mai tuƙa babur ɗin haya a nan Garwa ya yi mako uku cur da zazzaɓi. Ƙato ne, ko mura ba ta cika kama shi ba, amma sai ga shi kwance a tabarma, maƙogwaro na ciwo, ko buta ya ɗaga sai ya yi haki. An gwada jini, babu zazzaɓin cizon sauro, duk da haka ya shanye maganinsa har zagaye biyu. Aka koma kan taifot. Kowa ya zo dubiya da sunan ƙwayar da zai ba da.

Da ƙyar wata likita ta gano cytomegalovirus ce, wadda ake taƙaitawa CMV. Ta ce ya huta, ya sha ruwa sosai, ya sha farasitamol in jiki ya yi zafi, shi ke nan. Inna ta ɓata rai: "Yanzu kuɗin gwajin nan duka, a ce mu dawo hannu rabbana, ko allura ɗaya babu?"

Ni kam ina bayan likitar. CMV ƙwayar bairos ce, dangin wadda ke kawo ƙarambau, maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta. Ta yawu, fitsari, nono, jini da saduwa take yaɗuwa, kuma a Afirka kusan duk baligi ya gamu da ita, galibi tun yana goye, bai ma sani ba. In ta shiga, zama ta zo har abada, garkuwar jiki ce ke danne ta. Shi ya sa "IgG positif" a takardar gwaji, wato an ga alamar garkuwar jiki ta taɓa yaƙar ƙwayar, ba abin tashin hankali ba ne, tsohon sawu ne. Na ƙanena wata alamar mai suna IgM aka gani, wadda ta fi nuna sabon kamu, tare da ɗan taɓuwar hanta. Maganin CMV na gaske, ganciclovir, yana iya rage ƙwayoyin jini, don haka masu raunin garkuwa ake ajiye wa, irin mai ƙanjamau da CD4 ɗinsa, wato adadin ƙwayoyin garkuwar jikinsa, ya faɗi ƙasa da 50, wanda take iya makantarwa.

Abin da ya ba ni haushi, ana ta rigimar allura, ba wanda ya kula da matarsa mai cikin wata uku tana shanye ragowar kununsa. Can ne haɗarin yake. Ƙwayar na ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi. A Amurka, kusan jariri 1 cikin 200 ake haifa da ita, kuma 1 cikin 5 na waɗannan kan sami matsala mai ɗorewa, musamman kurumta. Allurar rigakafi kuwa babu har yau.

Na ce mata: "Amarya, ki daina haɗa kofi da cokali da shi, da yaran gidan ma. In kin yi wa yaro tsarki ko kin share masa majina, ki wanke hannu da sabulu, kuma ki faɗa wa masu awo." Inna ta ce iyayi ne. Ƙanena dai ya hau babur ɗinsa tun makon jiya, ita kuma ranar Litinin za ta koma awo.