Topanga da Malibu: ranar da iska ta tashi, komai tare yake lalacewa

Kowace shekara hukumomin kashe gobara na Los Angeles suna aika wa mazauna kwazazzaban Topanga da Malibu umarni iri ɗaya: a sassabe ciyawa, a datse rassa, a share rufin ɗaki, wanda ya ƙi a ci shi tara. Dokar Kaliforniya ta ce ƙafa 100 kewaye da gida, a wasu sassan gundumar har ƙafa 200. Jama'a suna yi, suna biyan 'yan ƙwadago kuɗi masu kauri. To idan ɓangaren hukuma da kamfanoni ne ya gaza fa, wa ke cin tararsu? Ba kasafai ake cin ta ba. Kuma gazawar tasu ba ta zuwa sai a ranar da aka fi buƙatarsu.

Gidajen nan a maƙale suke a jikin tsaunukan Santa Monica, inda ƙasa ke gangarawa zuwa tekun Fasifik, kewaye da busassun kurmi masu maiƙo da ke kama wuta nan take. Daga wajen Oktoba zuwa Janairu iskar Santa Ana takan taso daga hamada, busasshiya kamar iskar hunturunmu, sai dai idan ta matsu a cikin kwazazzabo ƙarfinta yakan ninka, danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 10 cikin 100.

Da zarar ta taso, kamfanin lantarki sai ya ɗauke wuta da gangan. Ba a ce ba shi da hujja ba, domin gobarar Woolsey ta Nuwamban 2018, wadda ta cinye kusan eka 97,000 da gine-gine sama da 1,600, daga kayan lantarki ta faro. Amma duba abin da ke tsayawa idan aka ɗauke: injin rijiya, injin tura ruwa sama, ƙofar gareji, firiji mai maganin marasa lafiya, na'urar tace iska, sannan in batirin eriyar sadarwa ya ƙare, wayar da za a turo saƙon "ku gudu" ma ta zama kwali. Sai a ce wa mutum ya sayi janareta, kamar magana ce ta shiga shago a fito. Yawancin injinan rijiya mai zurfi bolt 240 suke ci, ƙaramin janareta mai wat 2,000 kuwa bolt 120 yake bayarwa, ba zai ko motsa injin ba. Ko da an samu mai 240, lokacin tashi injin yana zuƙar ninki biyu zuwa uku na abin da yake ci in yana tafiya. Dole kuma a sa makunnin da ke raba gida da layin kamfani, in ba haka ba wutar janareta ta koma waya ta kashe ma'aikacin da ke gyara a kan falwaya. Duk wannan daga aljihun mai gida, alhali binne wayoyi a ƙasa, wanda shi ne maganin gaske, ana ta jan ƙafa a kansa da sunan tsada.

Ruwan famfo ya fi ban haushi. Ranar 7 ga Janairun 2025 gobarar Palisades ta tashi a unguwar Pacific Palisades da ke maƙwabtaka da Topanga da Malibu, ta ƙone fiye da eka 23,000, ta rusa gine-gine sama da 6,800, mutum 12 suka rasu. Tankuna uku da ke riƙe ƙarfin ruwa a unguwannin kan tudu, kowanne mai kimanin galan miliyan 1, sun ƙafe kafin gari ya waye, 'yan kwana-kwana suna buɗe famfunan titi suna samun iska. A daidai lokacin madatsar Santa Ynez mai ɗaukar galan miliyan 117 wayam take, an kwashe ruwanta tun farkon 2024 saboda yagewar murfi. Kusan shekara guda ana jiran gyaran murfi! Masana sun ce ko tana cike ba za ta tare wannan gobara ba, mun ji. Amma wannan ba ya wanke wanda ya bar ta a bushe har kakar iska ta shigo.

Bayan wuta ta mutu sai guba ta biyo. Idan gidaje suka ƙone, bututunsu suna zubar da ruwa, ƙarfin ruwa ya faɗi, layi ya zuƙo hayaƙi da iskar ƙuna ciki. Bututun roba da suka ji zafi su ma suna sakin sinadarin benzin, mai haddasa sankarar jini. Robar tana shanye shi, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan tsawon watanni, shi ya sa buɗe famfo na minti goma ba ya wanke layi. An ga haka bayan gobara a garin Santa Rosa na Kaliforniya a 2017, an sake gani a garin Paradise a 2018. Iyakar benzin a ruwan sha da Kaliforniya ta yarda da ita kashi 1 ce cikin biliyan, ta gwamnatin tarayya 5. Kada a tafasa wannan ruwa: tafasawa tana tayar da benzin ya shiga iskar ɗaki a shaƙa, haka ma wanka da ruwan zafi. Gwajin da ya dace shi ne a bar ruwa ya kwanta cikin bututu awa 72 kafin a ɗiba, a cika kwalba ba tare da kumfar iska ba. Wanda ya buɗe famfo ya zubar sannan ya ɗiba, sakamakon ƙarya zai samu. Mai rijiyar kansa kuwa an bar shi da Allah, domin dokar ruwan sha ta Amurka ba ta shafi rijiyar gida ba. Shi zai duba ko murfin ya narke, shi zai biya gwajin ƙwayoyin cuta da na naitiret, wanda bai kamata ya wuce miligiram 10 a lita ba. A wurin da kusan kowane gida ke da ramin shadda a kan gangara, wannan gwajin ba na ado ba ne.

Ga kuma iskar shaƙa. Da daddare iska mai sanyi tana gangarowa ƙasan kwari ta kwanta, hayaƙi ya kwanta tare da ita har hantsi. Manhajar waya kuwa tana nuna kore, wai iska lafiya lau, saboda na'urar aunawa ta hukuma tana can nesa a fili, ba a cikin kwazazzabo ba. Ko da tana kusa, ma'aunin ba ya lissafa tokar da ake gani da ido, ba ya faɗin dalma daga tsohon fenti ko asbestos ɗin tsofaffin gidaje. Takunkumin ƙyalle bai tsinana komai, sai N95 da ya manne a fuska. A cikin ɗaki, matatun iska huɗu masu lambar ingancin tacewa ta MERV 13, inci 20 a kan 20, a haɗa su kamar akwati da salatif, a ɗora fanka a sama tana hura iska sama, wannan yana rage ƙurar hayaƙi sosai. Amma da wace wuta za a kunna fankar? Toka kuma kada a share ta a bushe ko a hure ta da inji, a yayyafa ruwa a kwashe.

Sai damina ta zo ta ƙarasa aikin. Ƙasar da ta ƙone ba ta shan ruwa, yana gangarowa da laka da duwatsu. A garin Montecito na Kaliforniya, ranar 9 ga Janairun 2018, bayan wata gobara, ruwan kusan rabin inci cikin minti biyar ya tayar da malalar laka da ta kashe mutum 23. Babbar hanyar Topanga ta yi kusan wata uku a rufe a 2024 saboda zaftarewar ƙasa, ta sake rufewa watanni a 2025. Wannan ce hanyar da ake cewa mutane su bi su tsira.

Inshora ma ta tattara nata ya-nata. A 2023 kamfanin inshora na State Farm ya daina karɓar sababbin gidaje a jihar, a 2024 ya sanar da ƙin sabunta yarjejeniyoyi kusan 72,000. Wanda aka kora sai ya faɗa shirin FAIR, inshorar waɗanda kamfanoni suka ƙi karɓa, mai tsada da ƙarancin kariya. Abin takaici, an daɗe da sanin cewa yawancin gidaje garwashin da iska ke ɗaukowa ne ke cinna musu wuta, ta ramukan shan iska, da indararon da ganye ya cika, da katangar katako da ke manne da bango. Ragar ƙarfe mai ido ɗaya bisa takwas na inci a kan ramuka, da ƙafa biyar na tsakuwa zalla kewaye da gini, sun fi sare bishiya mai nisa amfani. Majalisar jihar ta zartar da dokar ƙafa biyar ɗin tun 2020, amma har Palisades ta ƙone ba a gama rubuta ƙa'idojin aiwatar da ita ba.