Littafin katekizim na 'yan lise: wa aka rubuta wa?

Da lakwal ta koma a watan Oktoba sai maganar littafin koyar da addinin Katolika na 'ya'yanmu 'yan lise ta taso, kuma kullum hanya mafi sauƙi ake bi: a ɗauko abin da aka bugo a Faransa a raba. Ni kam wannan bai kwanta mini ba.

Ba wai akwai kuskuren koyarwa a ciki ba. Galibinsu suna ɗauke da imprimatur, wato hatimin izinin bishop, kuma wanda ba shi da shi bai ma kamata ya shiga aji ba. Damuwata ita ce an rubuta su ne don yaron Turai, wanda abokansa ke ce masa babu Allah. Babi bayan babi ana lallashinsa ya yarda akwai Mahalicci. To, don Allah, wa ke musun Allah a Maradi? 'Yarmu benci ɗaya take zaune da ƙawayenta Musulmi, kuma abin da suke tambayarta daban ne. Wai Allah uku kuke bauta wa? Da gaske an gicciye Annabi Isa? Wane irin azumi ne naku da ake shan ruwa? Gobe kuma saurayi Musulmi ya fito, maganar aure ta zo. Idan littafi bai koya mata amsa waɗannan cikin ladabi ba, babu jin kunya babu faɗa, to an yi asarar kuɗin iyaye.

Tun 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da takardar Nostra Aetate, inda sashe na 3 ya ce Ikilisiya tana girmama Musulmi, masu bauta wa Allah ɗaya, masu martaba Maryamu, masu salla da sadaka da azumi. Yara da yawa suna gama bak ba su taɓa jin wannan ba. Duk wanda ya tuna coci-cocin da aka ƙona a Zinder da Yamai a Janairun 2015 ya san darasin nan ba na ado ba ne.

Masu son YOUCAT, wato katekizim ɗin matasan Katolika, suna da hujja. Ya fito a 2011, tambaya da amsa 527, an tsamo shi daga babban Katekizim na 1992, kuma matasa suna jin daɗin karanta shi. A riƙe shi, amma a matsayin abin dubawa.

Sai harshe. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, ita ce kuma yaran ke muhawara da ita a fada da kasuwa. Ga dayosis (yankin bishop) ɗin Katsina da aka kafa a 2023 nan kusa, ta Dan Isa da Jibiya, ga na Kano da Sakkwato, inda aka daɗe ana koyar da addini da Hausa. Me zai hana fadoci da katikis-katikis ɗinmu su je su ga abin da suke aiki da shi? In za a sayo Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma, a buɗe a duba ko Tobit da Makabiyawa suna ciki, don namu littattafai 73 ne, ba 66 ba.