Rile ɗaya ya mutu, rewaya ya ce in sayi birenbos

Jiya da azahar, tsakiyar zafin nan na Kano, 'yar Hondata ta 2005 ta mace mini a danja. Na murɗa makulli, sitata na juyawa lafiya lau, inji ya ƙi tashi. Duk mai irin motar nan ya san da ka kunna makulli za ka ji famfon mai ya yi ɗan gurnani daga bayan kujera na kamar daƙiƙa 2. Na kasa kunne, shiru. 'Yan adaidaita na ta danna mini oda kamar da gangan na tsaya. Yara suka turo ni har gareji.

Oga rewaya, mai gyaran wutar mota, yana kan benci yana cin rake. Bai ko tashi ba. Ya sa yaronsa ya murɗa makulli sau biyu, ya tofar da ɓawo, ya ce, "Alhaji, birenbos ɗinka ya tafi. Ka kawo dubu 150 a nemo na Beljiyam."

Na ce, "Oga, ko za a fara duba rile, ɗan makunnin nan da ke ba famfon mai wuta? Birenbos ɗin, wato kwamfutar injin, ai ba ita ke kai wa famfo wuta ba. 'Yar wuta kaɗan take sarrafawa: ta kammala wa naɗin wayar cikin rile zagayen wuta, naɗin ya zama maganaɗisu ya ja ƙarfe, sai babbar wuta ta wuce daga batir zuwa famfo. In rile ya ƙone, ko fis ya tsinke, kwamfuta na iya zama lafiyarta ƙalau."

Ya dube ni daga hula har takalmi. Ya juya wajen yaransa ya ce, "Kai, ku ba injiniya kujera, yau mun samu malami." Suka kwashe da dariya. Sannan ya ce, "To tunda ka iya, me ya kawo ka wajena?"

Wallahi na haɗiye wani abu mai ɗaci. Na ce to a gwada da mitar awon wuta. Wai mitarsa ba batir. Sai ya yi mini tayin rangwame: zai ja waya daga makulli kai tsaye zuwa famfo, in ba shi dubu 5. Ka ji gwaninta! Kwamfutar nan in ta daina jin siginar juyawar inji, sakin rile take yi famfo ya tsaya, don in an yi hatsari kada fetur ya yi ta tsiyaya a kan inji mai zafi. Shi wannan kariyar zai tsallake da guntuwar waya da salatif, ni kuma in ɗauki iyalina a ciki.

Haka wani ya yi mini shekarun baya, ya cire tamostat mai daidaita zafin inji ya haɗa fanka dairek, wai motar Turai ba ta san zafinmu ba. Tun daga nan take zuƙar mai kamar raƙumi, ga lita yadda ta koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023.

Na kira ƙanena ya kawo rile daga kasuwar Ƙofar Ruwa, abin da bai kai akwatin ashana ba. Na durƙusa na soka da hannuna. Na murɗa makulli, famfo ya yi gurnaninsa, mota ta tashi. Oga ya ce in biya kuɗin dubawa!

Laifin ma ba nasa ba ne shi kaɗai. Tun 1996 motocin Amurka ke zuwa da kafar da ake soka na'ura ta karanto ciwon mota, mu kuma muna ta kwaso su daga Kwatano, amma yaron gareji har yau ilimin Fijo 504 mai kafireto ake gadar masa. Ina makarantun koyon sana'ar da gwamnatoci ke yanke mana ƙyalle a kansu? Kwastan sun karɓi nasu, masu duba takardun mota na tare mu kullum, amma babu mai tambayar wanda ke taɓa wayar fetur ko ya taɓa riƙe mita. Mu ma masu motoci da namu: araha muke bi, a ɗaura mana waya mu ce Allah ya saka da alheri.

Dubu ɗaya na ba shi, don yaran da suka turo ni.